Kofi Biyu na Shayin Sidi

Zauren da na koyi sana'a babu shi yanzu. Magada sun sayar, wanda ya saya ya ture ginin ƙasa ya ɗora na bulo, ya fitar da shaguna uku: na cajin waya, na sayar da magani, da wani da kullum a garƙame yake. Idan na biyo ta lungun zan koma gida Koki nakan rage sauri, ba don baƙin ciki ba, hancina ne yake neman abin da ya saba. A da tun daga bakin lungun warin busasshiyar fata zai tare ka, ya haɗu da hayaƙin gawayi da ƙamshin na'ana'a. Za ka ji kukan jakuna, ka ji 'yan dako suna jefar da ɗauri a ƙasa, fatun suna ƙara kamar ana taka busasshen kara, can nesa kuma kekunan Soron Ɗinki suna ta surutunsu har a kira azahar. Yanzu janareto kawai ake ji. Na daɗe da sabawa da wannan rashi, kuma da ban zauna na rubuta komai a kansa ba, ba don abin da ya faru da 'yata ba.

Ni dillalin fata ne. Da tsintsiya na shiga sana'ar, shara da jiƙa dabe, har Allah Ya sa na tsaya da ƙafata. Bokona bai yi nisa ba, amma 'ya'yana sun yi, kuma wadda ta fi nisa ita ce Ummi, mai sunan mahaifiyata. Likita ce. Tana duba marasa lafiya a asibitin koyarwa, tana kuma koya wa ɗalibai masu son zama likitoci. Wata Juma'a bayan la'asar ta shigo, ta gaishe ni a gajarce, ta zauna a gefen tabarma ta ajiye jakarta da ƙarfi, irin ajiyewar da ke nuna akwai magana.

"Baba, zan bar koyarwar nan. Na riga na rubuta takarda, tana cikin jakar nan."

"Wa ya taɓa mini ke?"

"Makaranta ce ta fito da wani tsari. Wai duk likitan da ke koyarwa sai ya zauna bita an koya masa yadda ake koyarwa. Shekara nawa na yi ina karatu, Baba? Yanzu a zaunar da ni kamar 'yar firamare?"

Na ce wannan bai kai a rubuta takarda ba, sai ta faɗi sauran. An raba wa ɗalibai fom, kowa ya rubuta ra'ayinsa kan malamansa ba tare da sa suna ba. Nata duk bakinsu ɗaya: ta san aiki fiye da kowa, amma ba ta bari su taɓa mara lafiya. Wani ya rubuta cewa idan tana tsaye a bayansa hannunsa rawa yake. Sannan an ɗauki bidiyonta tana koyarwa a bakin gado, an ba ta ta kalla. Nan da mako biyu kuma za ta sake koyarwa a gaban manyanta, idan ba su ga sauyi ba za a karɓe mata ɗaliban a ba wani. Ita kuwa ta ce ba za ta jira a karɓe ba, gara ta ajiye da kanta.

Na ce ta nuna mini bidiyon. Ta miƙo wayar tana kallon bango. Na ga wani saurayi ya ɗora hannu a kan cikin wani dattijo yana lalube. Bai kai ko'ina ba sai ga wani hannu ya faɗo daga sama kamar shaho, ya ture nasa, ya danna wurin da ya kamata, aka wuce gado na gaba. Dariya ta ƙwace mini har sai da na cire tabarau.

"Dariya ma na ba ka, Baba?"

"Ba ke nake yi wa ba, Ummi. Hannuna na gani. Ashe har shi kika gada."

Mai zauren nan da aka rushe, Sidi muke ce masa. A birni aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, amma kakansa da raƙuma ya ƙetaro hamada, kuma gidansu ba su bar shayi irin na can ba: ƙaramar buta a kan gawayi, na'ana'a, da ƙananan kofunan gilashi marasa mariƙi da yake kira finjali. Dogo ne, fari, mai magana ƙasa-ƙasa. Aikina na safe in share zaure, in hura wuta, in kwance ɗaurin da jakuna suka kawo, in karkaɗe fatun saboda ƙwari. Aikin gaske kuwa shi ne tantancewa: wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan a ture ta gefe. Fatar da ta huje kowa zai gani, ɗaga ta kawai za ka yi wajen hasken ƙofa. Wahalar tana wurin aibin da ke ɓuya. Akwai zanen wuƙa, inda mahauci ya zurfafa hannu wajen fiɗa amma bai huda ba. Ido ba ya ganinsa, sai an kai majema fatar ta yage. Akwai kuma wadda aka shanya a rana maimakon inuwa, bayanta ya bushe cikinta ya ruɓe. Waɗannan da babban yatsa ake ganinsu, da hanci, da kunne idan ka lanƙwasa fatar. Sidi bai taɓa ce mini me ka gani ba. Zai turo mini fata da ƙafarsa, yana riƙe da kofin shayi, ya ce, "Me ka ji?" Sai ya yi shiru. Shirunsa yana da tsawo, har ka ji ƙuda yana yawo a zaure. A lokacin na ɗauka tsufa ne da son shayi.

Na iya aikin da wuri, kuma na san na iya, wanda shi ne ciwon. Kafin gemu ya fito mini sosai ina tantance ɗauri guda kafin shayin Sidi ya huce. Mahauta suna tsorona, ni kuma ina jin daɗin tsoron. Abin da nake jira kawai Sidi ya sallame ni in buɗe nawa wurin, ya sa mini albarka a gaban mahauta don su san ni da kaina.

Akwai wani cikin 'yan dakonmu, Malam Tanko, magidanci ne da ya girme ni nesa. Daga ƙauye ya zo, ya kama ɗaki a Gwammaja da matarsa da 'ya'yansa. Wata rana ya sunkuya zai ɗauki ɗauri bayansa ya riƙe, tun daga nan ko tulu bai ƙara ɗauka ba. Da wani maigidan ne, da sallamarsa zai yi da addu'a. Sidi kuwa kirana ya yi ya ce, "Ka koya wa Malam Tanko tantancewa, aikin zaune ne. Ranar da ya raba ɗauri guda shi kaɗai, ranar zan sallame ka." Na ce wannan ai sauƙi ne. A raina na ba abin mako ɗaya.

Mako uku muka yi. Zai ɗauki fata ya juya ta, ya sake juyawa, ni kuma ina ganin aibinta tun daga inda nake tsaye, jinina yana tafasa. Sai in ce, "Kawo nan!" in fizge, in nuna masa da yatsa, in jefa ta inda ya dace. A gaban mahauta nake yi, su kuwa ba sa raina abin dariya. Hannun da ya shekara yana ɗaga kayan da ya fi ƙarfin jaki, sai ga shi yana karkarwa a kan fatar ɗan akuya. Ni a ganina koyarwa nake yi, har gajiya nake da yamma saboda yawan bayani. Rannan bayan mun idar da la'asar Malam Tanko ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Ƙanena, ka yi ƙoƙari, Allah Ya saka. Ka gaya wa Sidi na gode. Kaina ba ya ɗauka, zan kwashe iyalina mu koma gida." Na san abin da ke gidan: ba shi da gona, ba shi kuma da bayan da zai yi wa wani noma. Duk da haka abin da ya fara zuwa raina sallamata ce. Ban ɓoye wa kaina wannan ba, ba zan ɓoye wa mai karatu ba.

Na je wa Sidi na ce, "Mutumin nan ba shi da kai, a ba ni wani."

Ya ɗago ya dube ni. "Yau fata nawa ya shafa tun daga wuya har wutsiya?"

Na fara ƙirgawa a raina, sai ya ci gaba.

"Ina zaune ina kallo. Ko ɗaya. Kai ka shafa su duka, kai da ka riga ka iya. To wa aka koya wa?"

Washegari da hantsi, mahauta sun cika zaure, Sidi ya sa aka kwance sabon ɗauri a gaban Malam Tanko. Ya dafa shayi da kansa, ya cika kofi biyu har baki, ya ce in miƙo hannu. Ya ɗora mini ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ya san kofin nan ya san ba shi da wurin kamu sai baki da gindi, da yatsu biyu, kuma idan ka motsa zai gaya maka. Ya ce, "Tsaya a bayansa. Bakinka a sake yake, amma tambaya kawai za ka yi. Idan ka zubar, gobe ma haka za mu yi. Ba ka ajiyewa sai in gobara ta tashi."

Malam Tanko ya ɗauki fata ta farko, ja, kyakkyawa a ido. Ni na san mahaucin da ya feɗe ta, na san hannunsa da nauyi ta gefen ciki. Ya juya ta sau biyu ya nufi tarin ta ɗaya da ita. Hannuna ya zabura kafin in sani. Shayi ya zubo mini a yatsu, na yi tsalle ina hura iska, ba dama in saki. Zauren ya ɗauki dariya. Wani tsohon mahauci ya ce, "Yau dai an yi wa shaho dabaibayi!" Har Malam Tanko sai da ya dara, kuma na lura kafaɗunsa sun sauko. Mako uku ana yi masa dariya, yau ta koma kaina, sai ya sami wurin numfashi.

Na haɗiye abin da ke bakina na ce, "Malam Tanko, ka bi gefen ciki da babban yatsa?"

"Ban bi ba."

"To a ina wuƙa ta fi zamewa idan ana fiɗa?"

Ya yi tunani. "Mu a ƙauye, wajen haƙarƙari."

Ya mayar da fatar kan cinyarsa ya fara bi. A rayuwata ban taɓa jin lokaci mai tsawo kamar wannan ba. Yatsuna suna zafi, amsar tana bakina kamar garwashi, Sidi yana kallon rufin zaure kamar ba ya nan. Can sai yatsan Malam Tanko ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Fuskarsa ta buɗe a hankali, irin ta mutumin da ya ji muryar ɗan'uwansa a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Akwai wata 'yar hanya a nan. Ta fi sauran wurin sirantaka." Mahauta suka yi kabbara, ban da mai fatar. Kafin azahar ya ture wata gefe wadda ni da na ba ta lamba ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya kai ta hancinsa ya ce, "Wannan rana ta sha. Haka na gidanmu suke wari idan an yi gaggawa." Sidi ya karɓa ya shinshina, ya gyaɗa kai. Mako uku ina tsaye a kan mutumin da hancinsa ya fi nawa, ban sani ba, don ban taɓa barinsa ya kai fata fuskarsa ba.

Kwana tara na yi ina riƙe kofuna. Kafin damina ta faɗi Malam Tanko ya raba ɗauri shi kaɗai, Sidi ya bi bayansa ya duba, bai mayar da ko ɗaya ba. Ranar da aka sallame ni ya naɗe kofunan nan biyu a ƙyalle ya ba ni. Na ce ai na gama da su. Ya yi murmushi ya ce, "Kana tsammani son shayi ne ya sa kullum kake ganina da kofi? Hannuna ya fi naka sauri. Mahaifina ne ya fara ɗora mini, har yau ban warke ba." Malam Tanko ya biyo ni sabon wurina, muka shekara da shekaru tare, kuma rabin masu tantance fata da suka fita daga hannuna a gaskiya daga hannunsa suka fita. Ni kuwa da harka ta buɗe, motoci suka maye gurbin jakuna, aka koma zuba wa fata gishiri ana lodawa zuwa masana'anta, sai na jefa kofunan a akwati. 'Ya'yana maza uku sun zauna da ni a shago, duk na fizge fata daga hannunsu, duk sun kama wata hanyar. Allah Ya yi musu albarka a inda suke, amma babu wanda zai iya gane zanen wuƙa a cikinsu. Yanzu ma wa yake nema? Hoton kaya ake turowa a waya a ce ka saya, ƙirgi kuwa ya koma tukunya, ganda ake yi da shi.

Duk wannan na ba Ummi labari a kan tabarmar nan, har aka kusa kiran magariba. Ta saurara, amma 'yata ce, ba ta sayen kaya ba ta juya shi ba.

"Baba, fata ba ta mutuwa. Ni mutum ne a kwance a gabana."

"Shi ya sa Sidi ya ce in gobara ta tashi a ajiye kofi. Wancan dattijon na cikin bidiyo, mutuwa zai yi idan yaron ya ƙara minti biyu yana lalube?"

Ta sake duba wayar, ni kuma na ci gaba.

"Kuma ranar da ba kya nan fa? Yaron nan za a tura shi wani asibitin ƙauye, shi kaɗai, da hannun da bai taɓa samo komai da kansa ba. Wannan ce gobarar."

Na tambaye ta me ake koya musu a bitar. Ta ce abubuwa masu kyau ne in an bi: ka yi tambaya ka jira, kada ka kunyata ɗalibi a gaban mara lafiya, ka faɗa masa abu ɗaya da ya yi daidai kafin ka faɗi na gyara. Amma a ɗaki mai sanyi ake yi, ana haska rubutu a bango, kuma mai bayanin ya yi awa biyu yana magana a kan illar yawan magana. Na ce kaya masu kyau ne, tallan ne bai iya ba. Sai ta ambata cewa ranar gwajin suna neman mutanen da za su kwanta ɗalibai su duba su, masu wata alama a jiki da ba ta da haɗari. Na ce an samu. Saifata ta kumbura tun zazzaɓin yarinta, ba ta taɓa hana ni cin tuwo ba, duk likitan da ya taɓa cikina sai ya kira abokinsa ya zo ya ji.

"Haba Baba! A gaban mutane?"

"Ciki ne fa, Ummi. Kin yi sukuwa a kansa kina ƙarama. Ki riƙe takardarki a jaka zuwa ranar. In abin bai yi ba, ni zan raka ki ki miƙa."

Ranar na sa farar shadda, na zuba shayi a filas, na ciro ƙyallen nan daga ƙasan akwati. Ɗakin da aka kai ni akwai gado ɗaya, da na'urar ɗaukar bidiyo a kan ƙafafu uku, da kujeru a jikin bango inda manyan likitoci suke zaune da takardu a cinya. Shugaban bitar wani farfesa ne mai furfura, ya san ni mahaifinta ne, ya gaishe ni da fara'a. Ummi tana tsaye da farar rigarta, fuskar nan a ɗaure. Kafin in hau gado na kwance ƙyalle, na jera kofunan a kan teburin gefe, na cika su har baki.

Farfesa ya ce, "Alhaji, wannan fa?"

"Kayan aiki ne, ranka ya daɗe. Na malama ne."

Na yi masa bayani a taƙaice. Ummi ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah kada ka ba ni kunya." Farfesa yana danne dariya ya ce, "Likita, babu wannan a tsarinmu, amma babu inda aka hana. Ke za ki zaɓa." Ta dubi kofunan, ta dube ni, ta dubi jakarta da ke kan kujera. Sannan ta miƙo hannu biyu.

Aka shigo da ɗalibin, dogo siriri. Ya ce, "Sannu Baba, zan taɓa cikinka." Na ce, "Taɓa, ɗana, ba ya cizo." Hannunsa sanyi ƙalau. Ya kai shi can sama ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya danna da ƙarfi, ya sake dannawa. Ya ce, "Malama, ban ji komai ba." Daga inda nake kwance na ga gwiwar hannun Ummi ta zabura. Shayi ya ɗiga a farar riga, ta ja iska ta haƙora. Wata likita a jikin bango ta rufe baki da takarda. Ɗalibin ya waiga ya ga malamar da yake tsoro tana fama da kofi biyu kamar mai tallan koko, murmushi ya suɓuce masa, kafaɗunsa suka sauko.

Ummi ta numfasa. Da Hausa ta yi tambayar, don ni ma in ji abin da ake yi da cikina.

"Ka kyauta da ka nemi izininsa. To, idan saifa ta girma, ina take nufa?"

"Ƙasa, Malama. Wajen cibiya, ta karkata dama."

"To daga ina ya kamata ka fara?"

Na ji agogon bango. Na ga leɓen Ummi yana motsi, amsar tana son fita, ta riƙe ta. Yaron ya ɗauke hannunsa ya mayar can ƙasa ta dama.

"Me kake so Baba ya yi maka?"

"Ya ja numfashi. Baba, ja numfashi sosai."

Na ja. Ya matso da hannu kaɗan. Na sake ja. Ya sake matsowa, yanzu a hankali, ba dannawa yake ba, jira yake. A ja na huɗu na ji gefen saifata ya sauko ya dungure masa yatsu. Ya tsaya cak. Ya ce in sake, na sake. Sai na ga fuskar Malam Tanko, ita ce sak, bayan duk shekarun nan, a kan wani yaro da ba a haifi ubansa ba a lokacin.

"Ta taɓa ni! Malama, wallahi ta taɓa ni!"

Na ce, "Gaishe ka take yi. Tun ɗazu take jiranka a ƙofa, kai kana bayan gida kana sallama."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ummi ma tana yi, idanunta sun kawo ruwa, ba hannun sharewa. Farfesa ya miƙe, ya naɗe hannun riga ya ce, "Alhaji, a zuba mini nawa. Na fi shekarun yaron nan ina ture hannun ɗalibai, ba wanda ya taɓa gaya mini." Aka kira wata ɗaliba. Bai kai minti ɗaya ba ya zubar da kofi biyun duka, ɗaya a takalminsa. Da aka natsa ya tambaye ni ko ina da shawara kan bitar. Na ce ni ɗan kasuwa ne, uku gare ni: a fito da ita daga ɗakin sanyi a kawo ta bakin gado, manya su fara riƙe kofi kafin ƙanana, don kada kowa ya ɗauka horo ne, kuma kada a yi sau ɗaya a raba takardar shaida a watse, domin ni kwana tara na riƙe, duk da haka ciwon ya dawo mini. Ya rubuta. Ban san abin da suka yi da rubutun ba, amma na san ba a karɓe wa Ummi ɗalibanta ba, kuma duk sabon zango sai an aiko mota an ɗauke ni. Saifata yanzu ta fi ni kasuwa.

A hanyarmu ta komawa gida ranar, ita take tuƙi, tabon shayi yana nan a rigarta. Da muka tsaya a danja ta buɗe jaka ta ciro takardar ajiye aikin, ta naɗe kofunan a cikinta don kada su fashe, ta sa a ƙyallen Sidi ta ƙulle.

"Baba, aro ne ko kyauta?"

"Kin taɓa ganin dillali ya yi kyauta? Da sharaɗi. Kada su shiga akwati. Kuma cikin ɗaliban nan naki akwai wanda ya fi kowa, wanda ya san ya fi kowa."

"Akwai wata. Hannunta kamar walƙiya."

"To ita za ki dafa wa shayi."

Muka biyo ta lungun. Mai cajin waya ya tayar da janareto, shago na uku yana garƙame kamar kullum. Ummi ta rage gudu don ta san halina. Na ce ta wuce kawai, azahar ta kusa, kuma abin da nake tsayawa nema yana cikin jakarta.